Tsokar Wuyan Baba

A zangon karatun da abin ya faru, ginin jikin dabba nake koyarwa. Ni malamar ilimin halittu ce a wata sakandare a Zuru, kuma darasin nan na maimaita shi har ina iya karanto shi ina dama kunu. Jikin kowace dabba, daga ɓera har mutum, da ƙwayoyin halitta aka gina shi, ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu. Ƙwayoyi iri ɗaya su haɗu su zama tsoka ko fata ko jijiya ko ƙashi, waɗannan kuma su haɗu su zama zuciya, hanta, huhu, ƙoda, kowanne da aikinsa. Nakan zana ƙwayar a allo kamar soyayyen ƙwai, da ɗigo a tsakiya. Muna da madubin likita guda ɗaya, na'urar nan da ke girmama ƙananan abubuwa, amma gilashinsa ya daɗe da yin hazo. Sai dai a fito da shi daga akwati, ɗalibai su zagaye shi, a mayar.

Don kada darasin ya ƙare a alli, wata safiya na biya mahauta na sayo kayan cikin akuya, da maƙogwaron a haɗe. Na baje su a babban faranti a kan teburina. Na nuna musu hanta da matsarmamar da ke maƙale a jikinta, na tsaga ƙoda biyu, na sa yatsa a ɗakunan zuciya. Daga nan na zura bututun biro a maƙogwaron na hura. Huhun ya tashi, ya yi fari-fari, ya cika farantin. Ajin ya ɓarke da ihu, 'yan baya suka hau kan benci. Da hayaniyar ta lafa, wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malama, to ina ƙwayoyin?"

"Suna ciki. Duk abin da kike gani su ne."

"Ke kin taɓa ganinsu?"

Na ce na taɓa leƙa na fatar albasa a kwaleji, muna layi, na bayana suna ture ni. Na dabba kam, sai a hoto. Aka kaɗa ƙararrawa, na kwashe kayan cikin a leda na nufi gida, da niyyar mu yi farfesu.

Na tarar da Mama a zaure tana jirana. A gidanmu Hausa ake yi wajen cefane da tsawata wa yara, amma idan magana ta yi nauyi Mama takan koma yarenmu, Dakarci. A ranar kuwa, da Dakarci ta tare ni.

"Je ki dubi wuyan ubanki. Ni ya hana ni taɓawa."

Baba tsohon soja ne. Tun da ya yi ritaya ya dawo Zuru, ya koma noman gonar gado a Dabai, kuma har lokacin yana tafiya a miƙe kamar mai jiran a duba fareti. Na same shi a gindin mangwaro yana wasa fartanya a dutse, da tawul a wuya. Sai a lokacin na tuna kwana biyu kullum da tawul ɗin nake ganinsa, har a coci, ina zaton zafi ne.

"Baba, cire tawul ɗin in gani."

"Uwarki ce ta aiko ki?"

"Ni ce na zo."

Ya daɗe yana goga fartanyar kafin ya janye shi. Ƙarƙashin kunnensa na dama akwai kumburi kamar ƙwan zabo, da wasu ƙanana biye da shi. Na taɓa. Tauri gare shi, ba zafi, kuma bai ko motsa ba. Da na duba shi da kyau sai na ga ƙashin wuyansa ya fito, agogonsa ya zamo har bayan hannu. Gida ɗaya muke kwana, ban lura ba.

"Kaluluwa ce," in ji shi. "Za ta saɓe."

Ba ta saɓe ba. Sai da muka sha fama kafin ya yarda ya je asibiti, shi ma don wana, wanda yake aikin soja can arewa maso gabas, ya bugo waya ya yi ta roƙonsa. Likitan ya lallatsa wuyan, ya yi tambayoyi kan zufa da rama da cin abinci, Baba yana amsawa da a'a, Mama tana amsawa da i daga bayansa. A ƙarshe ya ce sai an yanki kaɗan an duba, kuma ba a nan ake dubawa ba, sai Sakkwato.

Ranar da aka yi yankan, ma'aikaciyar jinya ta fito ta miƙo mini wata 'yar kwalbar roba mai jan murfi, an naɗe bakinta da filasta. A ciki akwai ruwa garai-garai mai warin da ke sa hawaye, wanda ke hana nama ruɓewa, a ƙasan ruwan kuma wata 'yar tsoka, ba ta fi ƙwayar gurjiya ba, launin toka-toka.

"Ki riƙe ta a tsaye," in ji ta. "Kada ta zube, kada ki bar ta a rana."

Washegari da sassafe na shiga motar Sakkwato. Na sa kwalbar a cikin kofin roba, na cusa tsumma a gefe, na sa a jakar hannuna, na ɗora jakar a cinya. Muka wuce Dabai, na hango dutsen da gonarmu take bayansa. Daga nan hanyar Mahuta ta fara jijjiga mu. Duk ramin da muka faɗa sai na zuge jakar na leƙa. Tsokar takan tashi ta yi yawo a ruwan, ta koma ta kwanta. Wata dattijuwa 'yar Sakkwato da ke gefena, wadda ta zo ganin jikokinta a barikin soja, ta gaji da ganin ina zuge jaka ina rufewa.

"Ɗiyata, mi kika ɓoye ciki haka? Zinari?"

Na ƙara rungume jakar.

Kafin Koko aka tsayar da mu a shingen sojoji. A shekarun nan ba a wuce hanyar sai an sauke kowa an duba kaya, saboda 'yan bindiga. Wani soja mai jajayen idanu, da alama bai yi barci ba, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya zaro kofin, ya ɗaga kwalbar sama yana kallo, yana shirin karkata ta.

"Don Allah kada ka juya ta!"

Muryata ta fi ƙarfin yadda na so. Kowa ya waiwayo.

"Mene ne a ciki?"

"Naman wuyan babana ne."

Dattijuwar nan ta ja da baya tana salati. Na shiga bayani, na fito da takardar asibiti. Sojan ya karanta, ya sake kallon tsokar, sannan ya mayar da kwalbar cikin kofin da hannu biyu, ya gyara tsumman da kansa.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce. "Ku shiga ku tafi."

A mota dattijuwar ta takure jikin taga har Jega. A can ta sayi ayaba, ta ɓare ɗaya ta miƙo mini ba tare da ta dubi jakar ba. Ta ce mijinta ma an taɓa yanka shi a ciki, ya rayu bayan haka har ya gaji da duniya don kansa.

A babban asibitin Sakkwato, bayan na sha yawo daga wannan gini zuwa wancan, na sami tagar da ake karɓa. Wani ma'aikaci ya karɓi kwalbar, ya rubuta lamba a jikinta, ya ajiye ta a tire cikin wasu kwalabe masu jan murfi iri ɗaya. Ya ce in koma gida, za a kira ni. Na tsaya ina kallon tiren. Cikin ƙiftawar ido na kasa gane wacce ce tamu.

Jiran nan shi ne abin da ban iya ba. Na koma aji, amma sai in tsinci kaina a tsakiyar jimla na manta farkonta. Wayata tana aljihu, ina taɓa ta kamar yadda mai ciwon haƙori ke taɓa shi da harshe. Idan ta yi ƙara sai in zabura, in duba in ga kamfanin waya ne ke tallan waƙa. A lokacin hutun tara, maimakon in ci abinci, sai in zauna bayan ɗakin malamai ina binciken kumburin wuya a waya. Kowane shafi na buɗe, ciwon daji ne a sahun gaba. Na ga hotunan da bai kamata in gani ba. Na rufe, na rantse ba zan ƙara ba, kafin a tashi na sake buɗewa.

A gida na kasa zama wuri ɗaya. Na wanke labulayen da ba su yi datti ba. Na kwashe kayan ɗakin girki na sake jerawa, har Mama ta rasa inda gishiri yake. Na riƙa bin Baba da kwanon abinci, ina leƙen abin da ya rage. Wana kuma yana bugowa daga daji, layin yana yankewa, yana cewa me muke jira, a kai shi Kaduna, a kai shi Abuja. Na ce masa in yana da hanzari haka ya zo ya kai shi da kansa. Na kashe wayar, nan take na kunna, don kada Sakkwato su kira su ji ta a rufe. Na buga lambar tagar nan har mai ɗauka ya gane muryata. Kullum amsar ɗaya ce: ana kan aiki.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Na dawo daga makaranta wata ranar na ga babu babur ɗin Baba a zaure. Mama ta ce tun da hantsi ya ɗaure iri a baya ya tafi, ta yi magana ya yi kamar bai ji ba. Ko jaka ban ajiye ba na fita na tare ɗan kabu-kabu. Duk hanyar Dabai ina ce masa ya ƙara wuta, yana ce mini hanya da santsi.

Na hango shi tun daga bakin gona, shi kaɗai, yana sara da sungumi, yana jefa dawa, yana rufewa da diddige. Ya cire bandejin. Ɗinkin yana waje, ƙuda suna bi.

"Baba! Me likita ya ce maka?"

"Ya ce in jira. Ruwa kuma bai ce zai jira Sakkwato ba."

Na fara faɗa, ina lissafa masa abin da ƙasa da zufa za su yi wa ciwon. Ya bar ni na gama. Sannan ya jingina da sungumin, numfashinsa yana fita da ƙyar, ya ce:

"Ke da kike koyar da abin nan, gaya mini gaskiya. Me suke nema a ɗan naman nan?"

Ban taɓa yi wa Baba darasi ba. Na tsaya a tsakanin kunyoyin gonar da takalmin makaranta, na ce masa jiki ƙwayoyi ne, kowacce ta san wurinta da aikinta, ta san lokacin da za ta rabu biyu da lokacin da za ta tsaya. Wani sa'in wasu sukan ƙi tsayawa, su yi ta hayayyafa, su cinye maƙwabtansu, su bi jini su sauka a hanta ko huhu su kafa wani zama. Shi ne ciwon daji. Za su yanka tsokar siriri, siririn da haske zai ratsa, su rina ta, su duba ko ƙwayoyin suna nan a kan tsarinsu.

"In ba sa kan tsarin fa?"

"Akwai magani, Baba. Ya danganta."

"Ya danganta," ya maimaita. Ya dubi dutsen. "Na ga cikin mutum a buɗe, ba sau ɗaya ba. Ba shi da bambanci da na akuya. Ban taɓa tunanin akwai wani abu ƙasa da abin da na gani ba."

Bai taɓa yi mana maganar yaƙi ba, kuma daga wannan bai ƙara ba. Ya kwance ƙoƙon irin daga ƙugunsa ya miƙo mini.

"Tunda kin zo, ni in sara, ke ki jefa."

Haka muka yi har la'asar. Ban iya rufe rami da diddige ba, yana ta gyara mini. Abin mamaki, ranar ce kaɗai a duk kwanakin ban taɓa wayata ba sai da muka hau babur.

Kiran ya zo ina tsakiyar duba jarrabawar gwaji. Ba a faɗa a waya, in ji su, sai in zo. Na roƙa, na ce daga Zuru nake, suka ce sun sani. Na sake bin hanyar nan, wannan karon jakata ba komai, amma a cinya na riƙe ta har muka isa.

Ma'aikacin tagar ya miƙo mini ambulan. Na buɗe a tsaye. Turancin likitoci ne, na karanta daga sama har ƙasa ban fahimci ko mutuwa ce ko rayuwa ba. Wata likita mai gilashi, da farar riga a kan atamfa, ta zo wucewa ta gan ni ina ta jujjuya takardar. Ta karɓa ta duba lambar.

"Ni na duba wannan. Mahaifinki ne? Ba daji ba ne. Tarin fuka ne, ya zauna a kaluluwa."

Na zauna a kan bencin da ke wurin.

"Amma likita, ba ya tari."

"Ba dole sai a huhu cutar take zama ba. Ana warkewa, in an sha magani yadda ya kamata."

Ta tambayi aikina. Da na gaya mata sai ta ɗan yi dariya, ta ce to in zo in gani da idona. Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi, ta zaro wani ɗan gilashi daga jerin 'yan'uwansa. A kansa akwai tabo ruwan hoda, kamar an ɗiga zoɓo ya bushe. Ta ɗora a madubin, irin mai wurin leƙawa biyu, ta zauna a gefe ɗaya, ni a ɗayan.

Da farko haske kawai na gani da gashin idona. Ta murɗa wani abu. Sai ga su.

Ban yi zaton yawansu ya kai haka ba. Ƙanana, zagayayyu, shuɗi mai duhu, a cushe kamar gero a shanya, har iyakar inda ido ya kai. Ba ɗaya da ta yi kama da soyayyen ƙwan da nake zanawa. Ta ce waɗannan su ne masu gidan, aikinsu tace abin da ya shigo jiki, kaluluwa ma gaɓa ce mai zaman kanta, ƙarama dai. Ta matsa gilashin, muka bi ta gefen wata 'yar jijiyar jini, na ga ƙwayoyin bangonta a shimfiɗe siriri kamar daɓe. Sannan muka iso wani fili fayau, ruwan hoda, babu komai a cikinsa.

"Nan ne cutar ta kashe," in ji ta. "Dubi gefen."

A gefen filin wasu ƙwayoyi masu faɗi sun yi sahu sun kewaye shi. Cikinsu akwai wata ƙatuwa, ta ninka sauran nesa ba kusa ba, da ɗigogi da yawa jere a bakinta a lanƙwashe kamar lauje. Ta ce ƙwayoyi ne da yawa suka narke suka zama ɗaya don su tare cutar. Ba su iya kashe ta ba, amma sun hana ta fita. Kumburin da muke gani a wuya, shingen nan ne.

Na daɗe ban ɗago ba. Hawaye ya ɓata mini gani, na goge, na koma. Na roƙe ta ta bar ni in ɗauki hoto, na kafa wayar a bakin madubin, amma duk hotunan suka fito da duhu a gefe. Ta ce in yi haƙuri, akwai wasu gilasan suna jiranta.

A tasha na kira Mama. Da na gaya mata sai na ji ta tana kiran sunan Allah da Dakarci, tana nisa da wayar, ta manta ba ta kashe ba. Wana kuwa da na same shi, cewa ya yi, "Tarin fuka? Shi ke nan?" sai muryarsa ta karye, layin ya yanke, ban san wanne ya riga wani ba.

Baba ya fara shan magani a asibitin Zuru, manyan ƙwayoyi da safe kafin a ci komai, na tsawon watanni. An gwada mu duka a gidan, ba a sami kowa da cutar ba. Kwana kaɗan da farawa ya fito daga bayi fuskarsa a murtuke, ya ce maganin nan yana tsiyayar masa da jini, fitsarinsa ya koma ja, ba zai ƙara sha ba. An gaya mana haka zai faru, shi ne bai saurara ba. Muka yi ta gardama a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. A ƙarshe ya haɗiye, yana hararata. Ni kuma hankalina bai kwanta ba kamar yadda na zata. Na koma kallon farin idonsa kowace safiya, don an ce maganin yakan taɓa hanta. Har ya kai in na nufo shi sai ya gwale idon da kansa, ya ce, "Duba ki wuce, kin makara."

Wajen kaka, dawa ta fara sunkuyar da kai, kumburin ya saɓe, ya bar tabo. Wata yamma muna zaune ana ɓarar gyaɗa na nuna masa hotunan. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallon ƙatuwar ƙwayar nan mai lauje.

"Wannan a wuyana take?"

"A wuyanka take, Baba."

"To sauran naman fa? Sun zubar?"

Na ce a'a, likitar ta gaya mini sukan daskarar da shi cikin kakin kyandir, su sa lamba, su ajiye a kanta, ko za a buƙaci sake dubawa.

"Wato ina nan, wani yankina yana Sakkwato a kan kanta."

"Ɗan kaɗan ne."

"Kaɗan ko da yawa, nawa ne." Ya miƙo mini wayar. "In na mutu sai ki je ki karɓo, a haɗa."

Mama ta ce ya rufe mana baki da zancen mutuwa, mutumin da ya cinye tuwo malmala biyu da rana. Ya ce shi da gaske yake. Na ce ban san ko suna bayarwa ba. Ya ce in tambaya. Har yau yakan tuna mini, ni kuma ban tambaya ba tukuna.